Bakwai sau takwas: fashin baƙi kan takardun lissafin da muke buga wa yara

Bayan sallar isha'i maƙwabcina ya yi sallama a ƙofar ɗakina, riƙe da baƙar leda, 'yarsa na biye da shi. Dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, kuma mun daɗe muna zaune gida ɗaya a nan Agege. Ya zazzage ledar a kan tabarma, sai ga takardu sun fi shafi arba'in, duk na lissafin sau, duk an cike su da fensir. Ƙaninsa ne ya samo su a intanet, ya tura wa mai shagon kwamfuta ta WhatsApp, aka buga.

"Malam, don Allah duba mini wannan," in ji shi. "Duk ita ta cike su da hannunta, ba wanda ya taya ta. Amma sakamako ya fito, lissafin ne dai ta faɗi. Ina matsalar take?"

Yarinyar tana aji uku, shekararta takwas. Na ce ta karanto mini gidan bakwai. Ta miƙe ta harɗe hannu a ƙirji kamar yadda suke yi a aji, ta rero shi da Turanci tun daga farko har bakwai sau goma sha biyu, ko tuntuɓe babu. Uban ya kalle ni. Sai na ce mata, "To, bakwai sau shida nawa ne?" Ta yi shiru, leɓɓanta na motsi. Ta koma can bakwai sau ɗaya tana gangarowa, kamar danfo mai tsayawa a kowace tasha. Ta kawo 42, kuma daidai ne, amma sai da ta tsaya tasha biyar kafin ta iso. Daga nan na sa aka miƙo mini kiret ɗin ƙwai wanda babu komai a ciki. Na ce layi biyar ne, kowane layi gurbi shida, ƙwai nawa zai ɗauka? Ta sa yatsa ta fara ƙirga gurabun ɗaya bayan ɗaya. Ko a ranta bai zo ba cewa wannan shi ne shida sau biyar ɗin da ta rubuta ya fi a ƙirga a takardun da ke gabanmu.

Na daɗe ina yi wa yaran unguwa darasin yamma, kuma na sha ganin irin wannan. Yarinyar tana da kai. Uban ma ya yi abin da uba nagari zai yi, ya cire kuɗi daga cinikinsa ya sayi abin da aka ce masa zai taimaka. An dai ba ta takardun ne tun lokacinsu bai yi ba, kuma irin da aka zaɓo mata ba shi take buƙata ba. Yanzu da kusan kowane gida akwai waya, kuma daga Agege har Idi-Araba da Obalende ba ka rasa mai buga takarda a bakin titi, ya kamata mu san abin da wannan takarda take iya yi wa yaro da kuma abin da ya fi ƙarfinta.

Idan muka ce yaro "ya iya sau", abubuwa daban-daban muke cusawa cikin magana ɗaya. Akwai sanin ma'ana, wato ya gane cewa sau shi ne tattara kashi-kashi masu yawa ɗaya, kamar yadda mai albasa ke kasa ta huɗu-huɗu a kan buhu. Kashi biyar na huɗu-huɗu, albasa 20 ke nan. Akwai dabara, wato in 7 × 6 ta ɓace masa, ya tuna cewa 7 × 5 ita ce 35, ya ƙara bakwai guda ya sami 42. Sannan akwai hadda, inda amsa ke faɗo masa ba tare da ya tsaya lissafi ba, kamar an tambaye shi sunansa. Takardar da ake bugawa a wurin hadda take da ƙarfi. Tana ɗan taɓuka wani abu a wurin dabara. Ma'ana kuwa da hannu ake koyon ta, da tsakuwa ko wake ko marafan kwalbar lemo.

Masanin nan na Amurka, Jerome Bruner, ya yi bayanin wannan tun a shekarun 1960: yaro yana fara kama ilimi ne da aikatawa, daga nan ya gane shi a hoto, sannan ya iya riƙe shi da alama zalla. A kan wannan tsari ƙasar Singafo ta gina koyar da lissafi a makarantunta na firamare. Shafin da aka cika da "7 × 6 = __" yana can matakin ƙarshe. Yarinyar maƙwabcina an ɗora ta a matakala ta uku ba ta taka biyun farko ba, shi ya sa kiret ɗin ƙwai da takarda suka zame mata duniya biyu da ba su san juna ba.

Wasu iyayen kan ce mini, tunda kowace waya akwai kalkuleta, mene ne na wahalar da yaro da hadda? Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ƙwaƙwalwar mutum tana da iyakar abin da take iya riƙewa a lokaci guda yayin da take cikin aiki, kamar tiren 'yar talla, in ka ɗora wani abu sai wani ya zame. Ɗauki 47 × 6. Yaro zai ce bakwai sau shida 42, ya rubuta 2 ya riƙe 4 a kai, ya ce huɗu sau shida 24, ya ƙara huɗun da ya riƙe ya zama 28, amsa 282. In kuwa sai ya bi tasha biyar kafin ya sami 42, kafin ya dawo ya manta abin da ya riƙe da inda ya tsaya. Daga aji huɗu zuwa sama, rabawa da lissafin kaso duk a kan wannan tubali suke zaune. Ko a karatunmu na addini haka abin yake. Mai koyon rabon gado zai tarar da asalin mas'ala, wato yawan kashin da ake kasa dukiyar, yana yawo tsakanin 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya: matar tana da tumuni (ɗaya cikin takwas), uwar tana da sudusi (ɗaya cikin shida). Wanda gidan shida da gidan takwas suka zauna masa, nan take zai ga cewa a 24 suke haɗuwa, matar kashi 3, uwar kashi 4. Ingila ma ta ɗauki abin da muhimmanci har ta mai da shi jarrabawar dole tun 2022: 'yan aji huɗu suna amsa tambaya 25 a kwamfuta, kowace tambaya sakan 6, daga jadawalin da ya kai 12 × 12.

Saboda haka hadda wajibi ce. Abin dubawa shi ne me za a fara yi kafin ta, kuma a nan yaron Bahaushe da ke tashi a Ikko yana da wani nauyi na daban. A gida Hausa yake ji, a titi Yarbanci da Turancin buroka, a aji Turanci, da yamma a Islamiyya Larabci. Tun 2018 ma dokar jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Yaran suna ɗauka, kuma baiwa ce babba. Sai dai waƙar jadawalin da suke rerawa a aji, wadda suke kira tayims-tebur, sau da yawa sauti ce kawai a kunnensu, ba ta haɗu da ƙirgen da suke yi da Hausa in an aike su sayen magi ba. Duk yaron da aka kawo mini, nakan fara tambayarsa da Hausa: ƙwai uku-uku a hannun yara huɗu, nawa ke nan? Da yawa suna amsawa kafin in rufe baki, alhali in na rubuta 3 × 4 sai su tsaya kallona.

Akwai wani ɗan abu a nan da ban taɓa jin iyaye sun lura da shi ba. In Bahaushe ya ce "uku sau huɗu", ukun ce ake maimaitawa har sau huɗu, kamar yadda za ka ce na je kasuwa sau huɗu. Wato 3 + 3 + 3 + 3. Amma takardun Amurka da yawa, waɗanda su suka cika intanet, suna zana 3 × 4 a matsayin kashi uku, kowane kashi abu huɗu, wato 4 + 4 + 4. Amsar 12 ce ta kowace fuska, babba bai ma ganin bambanci. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa, wanda aka yi wa bayani da Hausa a gida sannan ya ga hoton ya saɓa, sai ya ɗauka shi ne bai gane ba. Maganin wannan yana da sauƙi, kuma darasi ne mai tsada. A jera marafan kwalba a kan tire, layi uku, kowane layi huɗu. Ya ƙirga, 12. Sai a juya tiren a gabansa, layukan su koma huɗu, kowane uku. Ba a ƙara ko ɗaya ba, ba a rage ba. In yaro ya juya tiren nan da hannunsa sau biyu ko uku, ya gane da kansa cewa 3 × 4 da 4 × 3 abu ɗaya ne, kuma ba zai sake mantawa ba.

Nakan kuma gaya wa yaran cewa sau ba baƙo ba ne a bakinsu. Kafin ashirin da talatin na Larabci su zauna a Hausa, kakanninmu gomiya biyu da gomiya uku suke cewa, gidan goma ke nan a cikin sunan lambar. Maƙwabtanmu Yarbawa da ashirin-ashirin suke ƙirge: ogun 20, ogoji 40, ogota 60, wato ashirin biyu, ashirin uku. Yaron da ke sayayya a kasuwar Agege yana jin waɗannan kullum.

Juya tiren nan yana da wani amfani, shi ne rage kayan da yaro zai ɗauka. In ka buɗe bayan littafin rubutu ka ga jadawalin nan da aka saba bugawa, sai ka ji tsoro ya kama ka a madadin yaron: daga 1 × 1 zuwa 12 × 12 amsa 144 ce. Amma tunda 3 × 4 da 4 × 3 ɗaya ne, na gaskiyar 78 ne. In aka tsaya a goma, 100 ɗin ta koma 55. Cire gidan ɗaya da gidan goma, waɗanda ba sa buƙatar hadda. Cire gidan biyu, wanda ninki ne kawai, da gidan biyar, wanda duk yaron da ya taɓa ƙirga kuɗi ya san shi. Lambobin da suka rage su ne 3, 4, 6, 7, 8 da 9, kuma abin da suke haifarwa a tsakaninsu 21 ne kacal. Gidan tara yana da ƙofar baya: tara sau bakwai, ka ce goma sau bakwai 70, ka cire bakwai, 63. Har zuwa 9 × 10 kuma, in ka haɗa lambobi biyun amsar tara za su ba ka, 6 da 3, 7 da 2, 8 da 1. Gidan huɗu ninki ne a kan ninki. Gidan uku ninki ne da ƙarin guda. In aka bi haka, masu taurin kai da suka rage shida ne: 6 × 6, 6 × 7, 6 × 8, 7 × 7, 7 × 8 da 8 × 8. Mutanen Sin sun daɗe da gane wannan, waƙar jadawalin da yaransu ke haddacewa ta tsaya a tara sau tara, kuma ba ta maimaita abin da aka riga aka faɗa ta ɗaya fuskar, sai ta zama jimla 45.

Da na yi wa maƙwabcina wannan lissafi a bayan ɗaya daga cikin takardun, sai ya ce, "Ashe dai abin ba shi da yawa." Ba shi da yawa, Alhaji, in an san ta inda za a shiga.

Goma sha biyun nan ma gado ne. A zamanin fam da sule, kwabo 12 ne sule ɗaya, sisi kwabo shida, taro kwabo uku, don haka duk mai ciniki sai ya san gidan goma sha biyu. Ranar 1 ga Janairun 1973 Nijeriya ta koma naira da kwabo, ƙirgen kuɗi ya koma goma-goma da ɗari-ɗari, amma jadawalin bayan littafi ya ci gaba da zama yadda yake. Har yanzu yana da amfani wajen dozin da watannin shekara, kuma makarantu suna tambaya, saboda haka za a koya. Sai dai ni a ganina a bar 11 da 12 sai ƙarshe, bayan goman farko sun zauna daram.

Yanzu ga takardun kansu. Duk arba'in ɗin da maƙwabcina ya kawo iri ɗaya ne: gida guda a shafi, a jere, 7 × 1, 7 × 2, 7 × 3, har ƙasa. Irin wannan shafi yana yaudarar uba da malami. Yaro yana iya cike shi tas ta hanyar ƙara bakwai a kan amsar sama, ko ya rera waƙar yana rubutawa, ko ma ya leƙa bayan littafinsa. Za ka ga alamar daidai tun daga sama har ƙasa, amma ba a taɓa tilasta wa ƙwaƙwalwarsa ta nemo 7 × 6 ita kaɗai ba. Yana da ranarsa, wato kwana ɗaya ko biyu na farkon shiga sabon gida. Bayan nan ya gama aikinsa.

Wanda ya kamata a fara bugawa shi ne mai ɗige-ɗige a jere, layi-layi kamar kiret ɗin ƙwai, yaro ya rubuta lissafin da hoton yake nunawa ta fuska biyu. Wannan shi ne gadar da ke tsakanin marafan kwalba da lambobi. Daga nan sai shafin da aka gauraya, 7 × 6 a sama, 7 × 2 a ƙarƙashinta, 7 × 9 na biye, har da tsofaffin gidajen da aka wuce a tsakani. Wannan shi ne ainihin mai gina hadda, kuma shi ne yara suka fi ƙi, don yana sa su gumi. Sai mai gurbi a tsakiya, irin 6 × __ = 42, wanda nake ƙauna ƙwarai, domin yaron da ya saba da shi ya riga ya fara rabawa bai sani ba. Akwai kuma allon murabba'i mai gida goma tsaye goma kwance, wanda yaro zai cike da kansa. In ya cike, a sa shi ya shafa wa waɗanda ya riga ya haddace launi, ya ga da idonsa yadda farin wurin yake raguwa mako bayan mako.

Kafin ka tura wa mai shago, buɗe shafin ka duba da kyau. Yawancinsu an tsara su ne don yaran wata ƙasa. Za ka ga tambaya a kan sulallan Amurka ko mutum-mutumin ƙanƙara, yaro ya ɓata ƙarfinsa wajen gane hoton kafin ya zo kan lissafin. Masu launi kuma in aka buga su baƙi da fari, hotunan sukan dunƙule su zama baƙin tabo, ba a iya ƙirga abin da ke ciki. Takardar Amurka ma girmanta ya bambanta da A4 ɗin da muke amfani da ita, ta fi faɗi kuma ta fi gajarta, sai ka ce wa mai shagon ya daidaita kada gefe ya yanke. Tambayoyin labari kuwa gara ka rubuta naka. Keke shida a tasha, taya nawa? Ledar fiya-wata tana da guda 20, leda huɗu fa? Salla biyar a rana, nawa a mako? Waɗannan yaro yana ganin su da ido kafin ya ɗauki fensir.

Yadda ake amfani da takardar ya fi yawanta muhimmanci, kuma a nan ba mu da buƙatar aron hikima daga nesa. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san ba a yi wa yaro ƙari sai ya biya na jiya, kuma ya san tishi, komawa kan karatun baya a kai a kai don kada ya zube. Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Binciken da ya biyo baya ya ƙara da cewa ƙoƙarin tuno abu daga ka ya fi sake karanta shi kafa shi a ƙwaƙwalwa. Alarammomi sun daɗe suna aiki da duka biyun. Saboda haka minti goma a rana, tambaya goma zuwa sha biyar, kashi biyu tsofaffi kashi ɗaya sababbi, ya fi shafi biyar ranar Asabar nesa ba kusa ba. Bambanci ɗaya ne ya kamata a kiyaye. Karatu a jere ake biya shi, amma jadawalin sau ba a jere rayuwa ke tambayar sa ba. Ya fi kama da yadda ake yi a musabaƙa, a ja wa yaro baƙi daga ko'ina ya ɗauka. Haka ya kamata takardar ta riƙa yi masa.

A kuma duba aikin nan take, yaron yana zaune. Kuskuren da ya kwana bai gyaru ba, shi ma haddace shi ake yi. Kada a tsaya ga jan biro kawai, domin kowane kuskure yana da abin da yake faɗa. In ya rubuta 7 × 8 = 15, tarawa ya yi, alamar ce ba ta zauna masa ba, sai a koma kan marafan kwalba. In ya rubuta 49 ko 63, yana cikin gidan bakwai, taki ɗaya ya kuskure, wannan ya kusa. In ya rubuta 54, amsar 6 × 9 ce ta shigo masa, don 54 da 56 maƙwabtan juna ne kuma suna yawan rikita har manya, sai a raba su, kada a koyar da su rana ɗaya. In ya ce 6 × 0 = 6, a ajiye masa faranti shida babu komai a ciki a tambaye shi ƙosai nawa ya gani. Akwai kuma wanda na fi gani ga yaranmu masu zuwa Islamiyya: shida ta Larabci tana kama da 7 ta boko, biyar ta Larabci kuma tana kama da sifili. Wani yaro ya taɓa rubuta mini amsar da na ɗauka kuskure ce, da na ce ya karanta da baki sai ya faɗi daidai. Hannunsa ne ya haɗa rubutu biyu. Da na ja masa jan biro na wuce, da na zalunce shi.

Maganar agogo tana buƙatar hattara. Takardu da yawa suna zuwa da gurbin rubuta minti nawa yaro ya ɗauka, wasu ma an rubuta a gama cikin minti ɗaya. Farfesa Jo Boaler ta Jami'ar Stanford ta daɗe tana gargaɗin cewa gwajin da ake ƙayyade wa lokaci yana dasa wa yara tsoron lissafi tun suna ƙanana, kuma na ga gaskiyar hakan a kan tabarmata. Yaron da ya san amsa, da ka ɗaga waya ka ce na fara ƙirga lokaci, sai ka ga kansa ya kulle. In aka haɗa da bulala kuwa, an gama da shi. Da yawa daga cikinmu da dorina aka koya mana jadawalin nan, kuma na san manyan 'yan kasuwa masu lissafin miliyoyi da ka waɗanda har yau in suka ga lissafi a takarda gabansu faɗuwa yake. Sauri ana son sa, amma bayan daidai yake zuwa. In za a sa agogo, a bari sai yaron yana samun kusan duka daidai, kuma ya yi tsere da lokacinsa na jiya, kada a haɗa shi da ƙaninsa ko ɗan maƙwabta.

Kuɗin bugu ma abin dubawa ne, musamman in babu wuta mai shago ya tada janareta. Ba sai an buga arba'in ba. Shafi biyar ko shida masu kyau sun isa, a sa kowanne cikin farar ledar fayil, yaro ya rubuta a kan ledar da maka, a goge da tsumma, gobe a sake, kamar dai wanke allo. Wanda ba shi da halin wannan ma, biro da littafin rubutu sun wadatar. Tambaya goma da uwa ko yaya ta rubuta da hannu, tana sane da waɗanda suke ba yaron wuya, sun fi shafin da wani ya tsara a wata ƙasa bai san yaron ba.

Da na gama bayani a daren nan, maƙwabcina ya ce, "To Malam, ni ban yi boko ba, me zan iya yi mata?" Mutumin da ke tsayawa gaban motar da ta taso daga Arewa ya lissafa kwanduna da kuɗinsu da ladan 'yan dako da ka, kafin yaronsa ya gama danna waya. Na ce masa rabin aikin ma nasa ne. Muka ajiye takardun gefe har mako biyu. Yarinyar ta tara marafan kwalba a gwangwanin madara, kullum da yamma muna jerawa muna juya tire, da Hausa tukuna, sannan ta faɗa da Turanci, sannan ta rubuta. Uban kuma in ya dawo kasuwa yakan jefa mata tambaya yana cire takalmi: kashi shida na tumatir huɗu-huɗu, nawa? A mako na uku muka buga shafi shida, biyu masu ɗige-ɗige, uku gauraye, ɗaya mai gurbi a tsakiya.

Yanzu wata na biyu ke nan. A allon murabba'inta gida biyu ne suka rage ba launi, 6 × 8 da 7 × 8, tare da 'yan'uwansu na ɗaya fuskar. Ta rubuta su a kwali ta manna a jikin ƙofar ɗakinsu. Shekaranjiya da asuba ina alwala a tsakar gida na ji uban zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Bakwai sau takwas?" Ta ɗan yi jim, sannan na ji muryarta daga cikin ɗaki: "Bakwai sau bakwai arba'in da tara, a ƙara bakwai... hamsin da shida, Baba." Ya ce madalla, ya ja ƙofa ya tafi neman motar Mile 12. Tasha ɗaya ta tsaya a wannan karon. Mako mai zuwa za mu fara rabawa, da marafan kwalban nan dai na cikin gwangwani.